Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Haɗa Teku da Yaƙin Hamada?

Tambaya: Malam, na sha ji ana cewa a teku aka ci yaƙin Arewacin Afirka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, alhali kuwa a cikin rairayin Masar da Libiya aka gwabza shi. Ina alaƙar jirgin ruwa da hamada?

Amsa: Malam, alaƙar ita ce hamada ba ta ciyar da runduna. Kusan duk abin da sojojin Jamus da Italiya ƙarƙashin Janar Rommel suke buƙata, tun daga man fetur da harsasai har zuwa abinci, sai an ɗauko shi daga Italiya a jirgin ruwa an tsallaka Bahar Rum da shi, kuma a kan wannan hanya ne tsibirin Malta yake, wanda ke hannun Birtaniya. Daga can jiragen sama da jiragen ƙarƙashin ruwa suke tashi suna nutsar da jiragen dakon kaya, sau da yawa ma sun san ranar tasowarsu, domin Turawan Ingila sun gano bakin zaren saƙonnin sirri na abokan gaba.

Shi ya sa aka yi ta zubar da jini a kan wannan ɗan tsibiri. A watan Agustan 1942 ayarin jiragen kaya 14 ya nufi Malta da rakiyar jiragen yaƙi, amma 5 kaɗai suka isa, ciki har da jirgin dakon mai Ohio, wanda ya shiga tashar a ragargaje, jiragen yaƙi biyu sun sa shi a tsakiya suna tallafe da shi don kada ya nutse. Man da ke cikinsa ne ya sake bai wa Malta ƙarfin kai hari.

Ko kayan sun sauka lafiya, da sauran rina a kaba, saboda tsakanin tashar Tarabulus ta Libiya da fagen daga na El Alamein a Masar akwai tafiyar kimanin kilomita 2,000, kuma motocin da ke dakon man su kansu suna shanye kaso mai yawa nasa kafin su isa. Da Janar Montgomery na Birtaniya ya buɗe wuta ranar 23 ga Oktoban 1942, tankokin Rommel ba su da isasshen mai, kuma ana tsakiyar faɗan aka nutsar da jirgin dakon mai da yake jira a kusa da tashar Tobruk ta Libiya. Ita kuwa Birtaniya, duk da cewa jiragenta sai sun zagaye Afirka ta kudu kafin su isa Suwez, kayanta suna isowa, har da tankokin Sherman kusan 300 daga Amurka. A ganina, masu ɗora komai a kan basirar janar-janar ɗin nan biyu suna rage wa matuƙan jiragen kaya hakkinsu.

Abin bai tsaya a Afirka ba. Don a sami jiragen rakiya da za su sauke sojojin Amurka da Birtaniya a Maroko da Aljeriya ranar 8 ga Nuwamban 1942, sai da aka dakatar da ayarin da ke kai wa Tarayyar Sobiyet kaya ta tekun arewa mai ƙanƙara, lamarin da bai yi wa shugabanta Stalin daɗi ba ko kaɗan. Sai dai saukar ta amfane shi ta wata fuska, domin Hitler ya karkatar da jiragen sama na dakon kaya zuwa Tunisiya, waɗanda aka nema ruwa a jallo bayan da Rashawa suka yi wa rundunarsa ƙawanya a Stalingrad cikin wannan watan. Sojojin Jamus da Italiya da ke Tunisiya kuwa, da jiragen Ƙawance, wato na Birtaniya da Amurka, suka toshe teku a bayansu, babu hanyar kawo musu kaya kuma babu ta gudu, sai suka miƙa wuya a watan Mayun 1943, su fiye da 200,000.