Amsa ga mai tambaya kan liyafar Faris: idan ba ka shan giya

Salamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce abokan kasuwancinku sun gayyace ka cin abincin dare a wani gidan abinci mai tauraron Michelin (lambar yabo da ake ba fitattun gidajen abinci) a Faris, an rubuta maka cewa kowane kwano da giyarsa, kai kuma ba ka sha, kana tsoron kada ka kunyata masu masaukinka. Kwantar da hankalinka, kofin da ke gabanka shi ne mafi sauƙin lamarin. Wanda ke cikin tukunya shi ne abin lura.

A irin waɗannan wurare akan kawo kwanuka shida zuwa goma, ƙanana ƙanana, ɗaya bayan ɗaya, a kwashe kusan awa uku ana zaune. Ana farawa da ɗan abin taɓa baki, sai abin buɗe ciki, kifi, nama, cuku, sannan kayan zaƙi. Akwai ma'aikaci na musamman da suke kira sommelier, aikinsa zaɓen abin sha da zai dace da kowane kwano. Dalilin haɗin ba ɓoyayye ba ne: tsami yana yanke maiƙo, shi ya sa ake ba da farar giya da kifi mai man shanu, ja kuwa tana da bauri, sai a haɗa ta da nama mai kitse. Kai ma ka san wannan hikimar, ita ce ta sa ake matsa lemun tsami a kan kifi, ake kuma bin balangu da shayi mai ƙarfi.

Don haka idan sommelier ɗin ya zo, ka ce masa "accord sans alcool", wato haɗin abin sha marar giya. Gidaje da yawa yanzu suna da jerin abin sha marar giya: shayi iri-iri, ruwan tuffa ko na inabi, jiƙon ganyaye. Idan babu, nemi mai tsami a kan kifi, baƙin shayi marar sukari a kan nama. Kada ka karɓi lemon kwalba mai zaƙi, zai kashe maka ɗanɗanon komai. Ka lura kuma, a dokar Faransa giyar sha'ir da aka rubuta wa "sans alcool" tana iya kaiwa kashi 1.2 cikin ɗari, kombucha (shayin da aka tsima) ma takan ɗauki ɗan kaɗan. Ka tambaya ko sifili ne cur. Ruwa kaɗai ma ba abin kunya ba ne, sai ma'aikaci ya ɗauke kofunan giyar daga gabanka, magana ta ƙare.

Yanzu tukunya. Girkin Faransa ya ginu a kan miya, miyar kuma sau da yawa da giya ake kankare ƙanzon kasko bayan an soya nama. Beurre blanc da ake zuba wa kifi yawanci farar giya ce da man shanu. Bordelaise da bourguignon da coq au vin duk jar giya ce. Za a ce maka ai wuta ta ƙone ta. Ba ta ƙonewa duka. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna abin da aka kunna wa wuta a kasko yana riƙe kusan kashi 75 cikin ɗari na giyar, bayan awa ɗaya a kan wuta saura kashi 25, sai an kai awa biyu da rabi kafin ya sauko kashi 5. A kayan zaƙi ma haka: baba au rhum jiƙe yake da barasa, crêpes Suzette da barasar Grand Marnier ake yi, ƙananan cakulan da ake kawowa tare da gahawa wasu da giya a cikinsu. Har cuku akwai wanda ake wanke bayansa da barasa, kamar Époisses.

Alade kuma yana ɓuya da sunaye: lardons, jambon, terrine, pâté, da gélatine da ake daskarar da kayan zaƙi da ita. Naman sa da na rago a waɗannan gidaje galibi ba yankan Musulmi ba ne, saboda haka mafi kwanciyar rai ka nemi na kifi ko na ganye zalla. Ba ƙasƙanci ba ne, shahararren mai girki Alain Passard ya cire jan nama daga gidan abincinsa L'Arpège a 2001, taurarinsa uku na Michelin ba su faɗi ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a bari sai an zauna sannan a faɗa. A lokacin miyar ta riga ta daɗe a kan wuta, sai kawai a tsame ta a kawo maka kifi tsurarsa. Ka roƙi mai masaukinka ya sanar da su kwana biyu kafin ranar, a rubuce: "sans alcool et sans porc, y compris dans les sauces et les desserts", wato ba giya ba alade, har a miya da kayan zaƙi. Da wannan mai girkin zai yi maka taka miyar daban. Idan an zauna ka sake tuna wa wanda ke kula da teburin, a hankali.

Sauran ƙanana ne. Cokula da wuƙaƙe daga na waje ake farawa, burodi a hagunka, da hannu ake gutsura shi. Agwagwa da rago da jaja-jaja a ciki ake kawo su, in ba ka so ka ce "bien cuit", wato a dafa shi sosai. Idan an ɗaga kofi don taya juna murna, ɗaga na ruwanka. Kuɗin hidima yana cikin lissafin, kuma tunda gayyatarka aka yi, wannan na mai masauki ne.