Karena ya fara kasa tashi da safe: tsufa ne ko ciwo?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da kare Alseshan mai gadin gida, shekararsa 8. Tun shigowar hunturu sai ya yi ta fama kafin ya miƙe da safe, ƙafafunsa na baya suna rawa. An ce mini shekarar kare ɗaya daidai take da 7 ta mutum, ke nan 56 yake, ai bai tsufa haka ba. Maƙwabcina ya ce in ba shi dikulofenak irin wanda tsohonmu ke sha don ciwon gwiwa. Na ba shi sau biyu, yanzu ya ƙi cin abinci. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Kada ka ƙara ba shi ƙwayar nan ko ɗaya, kuma ka kai shi asibitin dabbobi yau ɗin nan.

Lissafin ninka 7 ba shi da tushe. Karya tana iya ɗaukar ciki kafin ta cika shekara guda, kuma ɗan kwikwiyo yana kammala haƙoransa 42 na girma yana wata 7. Wane yaro ɗan shekara 7 ne ya kai nan? Kare yana gudu da shekarunsa na farko, daga baya ya rage tafiya. A 2020 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego suka wallafa nazarin ƙwayoyin gado na karnuka 104 jinsin Labrado, kuma bisa ma'aunin da suka fitar kare ɗan shekara 8 ya kai wajen 64 na mutum. Ga kuma girman jiki: ƙananan karnuka suna kai shekara 15, amma manyan karnuka irin su Alseshan da Rotwaila da yawansu wajen 10 suke tsayawa, wasu su ɗan wuce. Karenka dattijo ne, kuma jinsinsa ya yi suna da ciwon ƙugu.

Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda wannan lissafi ke kai mutane. Da zarar an ce kare "kamar ɗan 56 ne", sai a ɗauka jikinsa na mutum ne, a shiga kemis a sayo masa maganin tsohon gida. Kusan kullum sai na ga irin wannan. Shekaru muke kwatantawa, Malam, ba hanta da ƙoda ba. Dikulofenak da ibufurofen suna kashe raɗaɗi ne ta hanyar toshe wasu sinadarai, kuma sinadaran nan su ne ke kare bangon tumbi daga ruwan narka abinci, su ne ke buɗe wa jini hanya zuwa ƙoda. Cikin kare bai jure wannan toshewa kamar namu. Ibufurofen ma hanta tana zubar da shi cikin hanji, hanjin ya sake tsotse shi, ya yi ta zagaye a jiki. Sakamakon shi ne gyambon ciki, zubar jini, wani lokaci tumbin ya huje, ƙoda ta tsaya. Dikulofenak ɗin nan ne ya kusa ƙarar da ungulu a Indiya, suna cin mushen shanun da aka yi wa allurarsa, har aka hana ba dabbobi shi a 2006.

Tsohon kare ya fi shiga haɗari, domin ƙoda ba ta nuna alama sai kusan kashi biyu cikin uku na aikinta ya tafi. Kana ganinsa lafiya lau, ashe saura ƙiris. Ka haɗa da bushewar hunturu da kwanon ruwan da ake mantawa ba a cika ba. Farasitamol ma idan ya yi yawa yana lalata masa hanta da jini, kyanwa kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Mafi ɓacin rai su ne masu yawo da jaka gida-gida suna kiran kansu likitocin kare, su soka allurar deksametazon, wani maganin kumburi mai ƙarfi, a kan dikulofenak. Haɗa waɗannan biyu shi ne hanya mafi sauri ta huda cikin kare. Karen ya miƙe ya yi gudu kwana biyu, mai gida ya yaba, ranar ta huɗu a kawo mana shi yana aman jini, mai jakar kuma ya kashe waya.

Ƙin cin abincin nan ne ya fi damuna. Duba kashinsa: idan baƙi ne kamar kwalta, jini ne. Ɗaga leɓensa, idan dasashi ya yi fari, kada ka jira la'asar. A asibiti za a gwada jini don ƙoda da hanta, a duba zazzaɓin kaska, wanda shi ma yana kawo kasala da ɗingishi, sannan a ɗauki hoton ƙugu. Akwai magungunan gaɓoɓi na karnuka, irin su meloksikam da karfurofen, amma sai cikinsa ya warke kuma bisa nauyinsa. A gida, ɗauke shi daga kan siminti ka shimfiɗa masa tsohuwar katifa, rage masa ƙiba idan yana da ita, kuma a riƙa ɗan zagayawa da shi safe da yamma.

Ka tafi da katin ƙwayar a hannunka, ka faɗa wa likita ƙarfinta da ranakun da ka ba shi, ba tare da ɓoye komai ba.