Amsa ga mai tambaya kan tsofaffin finafinan samurai

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka tambaya ko tsofaffin finafinan samurai, wato mayaƙan Japan na zamanin da, iri ɗaya ne da finafinan kunfu na 'yan Chana, da kuma wanda ya kamata ka fara da shi. Na daɗe ina kallonsu, kuma shawarata ta farko ita ce ka ajiye tunanin fim ɗin Chana a gefe, domin idan ka zauna kana jiran dambe da tsalle-tsalle daga farko har ƙarshe, to za ka tashi da takaici. A mafi ingancin waɗannan finafinai faɗan takobi gajere ne ƙwarai, kuma abin da ke riƙe mai kallo shi ne zaman jiran da ake yi kafin a zare takobin. A ƙarshen fim ɗin Sanjuro, wanda Akira Kurosawa ya yi a 1962, jarumin da abokin gabarsa sun daɗe a tsaye suna auna juna ba motsi, sannan sara ɗaya ya raba gardama.

Yawancin labaran sun faru ne a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, lokacin da gidan Tokugawa mai mulkin ƙasar ya kashe wutar yaƙe-yaƙen cikin gida. Zaman lafiyar nan ya bar mayaƙa da yawa ba ubangida ba albashi, su ne ake kira ronin, kuma su ne jaruman da za ka fi haɗuwa da su.

Ka fara da Yojimbo na 1961, inda Toshiro Mifune ya fito a matsayin ronin da ya shiga garin da ƙungiyoyin 'yan daba biyu suka raba, ya yi ta haɗa su faɗa da wayo. Labarin yana da sauƙin bi, ga kuma barkwanci. Daga nan sai Zatoichi, makahon mai tausa kuma ɗan caca wanda yake ɓoye takobi a cikin sandarsa. Shintaro Katsu ya fara fitowa a wannan matsayi a 1962, ya yi finafinai 26, ban da na talabijin. Seven Samurai na 1954 ya cancanci duk yabon da ake yi masa, amma ya haura sa'o'i uku, saboda haka ka bar shi sai idonka ya saba.

Wanda na fi girmamawa kuwa shi ne Harakiri na Masaki Kobayashi, na 1962, wanda ya samu lambar yabo a bikin Cannes na Faransa a 1963. A cikinsa, ronin matalauta sukan je ƙofar manyan gidaje su ce sun zo su kashe kansu bisa al'ada, alhali sadaka suke fata a ba su a sallame su. Sai ɗaya daga cikin gidajen, mai suna gidan Ii, ya ƙudura ya yi darasi da wani saurayi, aka tilasta masa ya cika maganarsa da takobin gora, domin talauci ya sa ya riga ya sayar da na ƙarfen. Bayan haka wani dattijon ronin, wanda Tatsuya Nakadai ya fito a matsayinsa, ya zo gidan da irin wannan buƙata, ya zauna a tsakar gida yana ba da labarinsa a natse. Kusan rabin fim ɗin magana ce, amma ban ga wanda ya tona asirin masu fakewa da mutunci suna zaluntar talaka kamarsa ba. Wurin takobin goran yana da wuyar kallo, kada ka kalle shi tare da yara.

Idan na iyali kake nema, akwai shirin talabijin na Mito Komon, wanda aka fara a 1969, labarin dattijon basarake da ke yawo a ɓoye yana hukunta azzaluman hakimai. Ko wanne ka zaɓa, ka nemi wanda aka bar muryoyin Japananci aka rubuta fassara a ƙasa, domin muryar Mifune kanta wani ɓangare ce na wasansa.