Amsa: Tsoron juna zai ci gaba da hana yaƙin nukiliya?

Malam, ka tambaya ko tsoron ramuwa zai ci gaba da hana manyan ƙasashe harba makaman nukiliya. A ganina yana hanawa har yanzu, amma igiyar ta fara tsinkewa. Amurka da Rasha ke riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na waɗannan makamai. Yarjejeniyarsu ta makamai masu matsakaicin zango ta rushe a 2019, sannan a 2023 Rasha ta dakatar da aiki da yarjejeniyar taƙaita makaman nukiliya ta New START, wadda ta ba kowannensu damar zuwa ya duba rumbun ɗan'uwansa.

Ni kuskure ya fi ba ni tsoro a kan ganganci. A 1983 na'urar Tarayyar Sobiyet ta nuna wai Amurka ta harbo makamai, jami'i ɗaya, Stanislav Petrov, ya ƙi yarda da ita, ashe ƙarya ta yi. Kada kuma ka ce Damagaram na nesa. Ina saye da sayarwa a Kasuwar Dole, na ga yadda kuɗin fulawa da taki suka hau a 2022, alhali a Yukiren ake yaƙin, ba a kuma harba nukiliya ko ɗaya ba.