Amsar tambayar Yaya a kan masu karatun giya a Landan

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Hajiya da yara kuna lafiya. Saƙon muryarka ya same ni a cikin jirgin ƙasa, sai da na saurare shi sau biyu. Ka ce an kawo maganar a majalisa, wai a Landan akwai makarantar koyon shan giya, har a ba mutum takardar shaida, wai kuma akwai 'ya'yan Hausawa a ciki, mu manya mun zuba ido. Ka ce in gaya maka gaskiya tsakanina da Allah. To ga ta nan, amma ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Makarantar dai akwai ta. Hukumar da ke ba da shaidar ana kiranta WSET, an kafa ta a nan Landan a 1969, kuma tana da makarantarta a unguwar Bermondsey, kusa da tashar London Bridge. Sai dai wanda ya ce maka sha ake koyarwa bai faɗi daidai ba. Sha ai ba ya buƙatar malami, mai shan burkutu a bayan gari babu wanda ya ba shi satifiket. Abin da ake koyarwa shi ne sanin hajar: wane inabi aka matsa, a wace ƙasa, me ya sa wata kwalbar take fam goma wata kuma fam ɗari biyar, da yadda za ka gane wadda ta lalace kafin ta kai gaban baƙo. Karatun 'yan kasuwa ne da ma'aikatan otal, kamar yadda dillalin fata yake sanin fatar jar akuyar Sakkwato da zarar ya taɓa ta.

Abin da ya kai namu wurin kuwa, aiki ne. Ka san ni kaina shekaruna na farko a ƙasar nan a otal na yi su, daga wanke-wanke har na kai ga kula da ɗakin cin abinci. A irin waɗannan wurare riba mai yawa a kwalba take, ta fi ta faranti, don haka duk wanda yake son ya tashi daga ɗaukar tire ya zama shugaba, ko ba daɗe ko ba jima sai an miƙo masa takardar wannan karatun, sau da yawa ma otal ɗin ne zai biya. Ba zan ɓoye maka ba, ni ma an miƙo mini, kuma na yi mataki na biyu. Matakan huɗu ne. Na ɗaya da na biyu jarrabawarsu ta zaɓi-amsa ce a takarda, na biyun tambaya 50 cikin awa guda, babu wanda zai sa ka kai wani abu bakinka ranar jarrabawa. A aji ana zuba wa kowa, ni sai in duba launi, in shinshina, in ture kofin. Malamarmu ba ta taɓa matsa mini ba. Haka na ci, bakina bai taɓa shi ba.

Mataki na uku ne mararraba. A nan, ban da jarrabawar rubutu ta awa biyu, akwai rabin awa da za a ajiye maka kofi biyu, ɗaya fari ɗaya ja, ba a gaya maka sunansu ba, a ce ka ɗanɗana ka rubuta abin da ka ji. Babu yadda za a yi hanci kaɗai ya fid da kai. A nan na tsaya, kuma a nan mafi yawan Musulminmu da suka shiga harkar suke tsayawa.

Wadda na sani tana mataki na uku yanzu 'yar maƙwabcina ce, mutumin wajen Wusasa, Bahaushe Kirista da muka shekara fiye da goma muna gaisawa, ranar Sallah mu kai musu nama, ranar Kirsimeti su kawo mana shinkafa. Ina zargin ma labarinta ne ya zagaya har ya iso majalisarku, ya zama "'ya'yan Hausawa". Ta zo gaishe ni da Sallar da ta wuce, na tambaye ta karatu, sai ta ce, "Baba, ba ni goron nan in nuna maka abin da ya fi ba mu wuya." Ta ɓare, ta ba ni tsagi ɗaya, ta ce in tauna in lura da dasashina. Ka san yadda goro yake ɗaure baki, harshe ya yi kaushi, yawu ya ɗauke, abin da muke ce wa bauri. Ta ce wannan shi ne abin da Turawa suke kira tanin, kuma shi ne ƙashin bayan jan ruwan inabi. 'Yan ajinsu sun yi makonni suna rikita shi da ɗaci da tsami, ita kuwa tun ranar farko ta gane shi, don harshenmu ya riga ya ware masa suna. Ɗaci a bayan harshe aka fi jin sa, tsami yana sa yawu ya zubo, bauri kuwa busar da baki yake yi.

Abin da ya ƙara ba ni mamaki, Yaya, wannan tanin ɗin dangin abin nan ne da ke cikin bagaruwa, wadda majema suke jeme fata da ita a Kano. Sunansa ma a bakin Turawa daga sana'ar jima ya samo asali. Yadda bagaruwa take kama fata ta hana ta ruɓewa, haka wannan yake kama yawun baki, kuma shi ne yake taimaka wa jan ruwan inabi ya shekara goma ko ashirin a kwalba bai mutu ba. Daga ɓawon inabin yake fitowa, da 'ya'yan cikinsa, wani lokaci da gangar katakon da aka ajiye shi. Ruwan inabi, ko na baƙin inabi ne, kusan fari yake fitowa in an matsa shi. Sai an bar shi ya tsimu tare da ɓawon, yis yana cinye sukarin yana mai da shi barasa, sannan yake ɗaukar jan launin da baurin, kamar yadda zoɓo yake rina ruwa.

Ɗanɗanon nasu yana da ƙa'ida, ba a tsallake. Za a zuba ɗan kaɗan, kamar cokali uku na cin abinci, a kofin gilashi mai ƙafa. Da farko ido: a karkata kofin a kan farar takarda a duba. Sabon ja yakan yi kamar shunayya, wanda ya kwana biyu sai ya koma ja mai duhu, tsoho kuwa bakinsa ya yi ruwan ƙasa kamar jan bulo. Sai hanci: a juya kofin a hankali don ƙamshin ya tashi, a shinshina. Abu na farko da ake nema shi ne aibi. Akwai wani da yake zuwa daga toshiyar kwalbar, irin wadda ake yi da ɓawon itace, ya sa abin ya riƙa warin kwalin da ruwa ya jiƙa. Wannan ko ni da ban taɓa kurɓa ba na iya kama shi, kuma sau da dama na mayar da kwalba saboda shi kafin baƙo ya yi ƙorafi. In babu aibi sai a ware ƙamshin: wanne ne na inabin kansa, wanne ne na ganga, wanne ne na tsufa. Tsohon ja, in ji su, yana ƙamshin taba da ƙasa mai laima da jemammiyar fata. Na shinshina wani a aji, wallahi sai da na tuna da shagon dukawa.

Sannan baki. A kurɓa, a wurwura shi ko'ina kamar mai kurkurar baki, a ɗan ja iska ta tsakanin haƙora, sai a tofar a wani bokiti da aka ajiye domin haka. Kowa yana tofarwa, har malamai, don wanda zai ɗanɗana kala takwas ko goma a zama ɗaya in yana haɗiyewa ba zai iya riƙe biro ba. Daga nan a rubuta: zaƙi akwai ko babu, tsami nawa, bauri nawa, ƙarfin barasa nawa. A ma'auninsu abin da bai kai kashi 11 cikin 100 ba mai rauni ne, daga 14 zuwa sama mai ƙarfi. Sai nauyinsa a baki, wanda yarinyar ta kwatanta mini da bambancin ruwa da tsala da kindirmo, sai kuma tsawon lokacin da ɗanɗanon yake zama bayan an tofar. A ƙarshe a yanke hukunci, daga "mai aibi" har "ya yi fice", kuma ba a yarda ka rubuta "ya yi mini daɗi" ba. Son ranka ba hujja ba ne, dole ka nuna ko ɓangarorin sun daidaita, ko wani ya danne wani.

Inda take shan wahala shi ne kalmomi. Littafin karatunsu da 'ya'yan itacen Turai aka gina shi. Za a ce inabin Cabernet Sauvignon, wanda aka san yankin Bordo na Faransa da shi, yana ƙamshin wani ƙaramin baƙin ɗan itace, wanda in ba a lemon Ribena ba yaron da ya tashi a Zariya bai taɓa jin sa ba. Sai ta yi wa kanta ƙamus a bayan littafi. Inabin Syrah, wanda mutanen Ostireliya suke kira Shiraz, ta rubuta masoro. Pinot Noir na yankin Burgundi a Faransa, mai haske da tsami da ɗan bauri kaɗan, ta rubuta zoɓon da ba a sa wa sukari ba. Merlot ta ce ɗinya nunanniya. Ƙamshin ganga, kanumfari. Nebbiolo na arewacin Italiya kuwa, wanda launinsa ba shi da duhu amma baurinsa yana da ƙarfi ƙwarai, ta rubuta zubin farko na shayin Buzaye. A jarrabawa sai ta mayar da su zuwa kalmomin littafi, don mai duba takarda bai san ɗinya ba. Na yi dariya, amma abin ya ɗan sosa mini rai, ganin yarinya tana da hanci ya fi na 'yan ajinta, tana kuma fassara sau biyu kafin ta rubuta layi ɗaya.

Yanzu ga ainihin tambayarka, yadda muke ɗaukar abin a tsakaninmu. Ita yarinyar babu mai ce mata uffan, addininta daban, ko da yake a cikinsu ma akwai majami'un da ba sa son ko warin giya, uwarta ma har yau ba ta saki jiki da karatun ba. A wurinmu Musulmi kuwa babu mai gardama a kan haramcin sha, ayar Ma'ida kowa ya san ta. Na taɓa jin wani matashi yana cewa ai tofarwa ake yi, limaminmu ya ce masa wanda ya hana ka kusantar rijiya bai ce ka zura ƙafa ɗaya ba. Kuma ko malaman makarantar ba su ce tofarwa tana hana ɗan wani abu wucewa ba. Wannan maganar ta mutu a nan.

Inda ake ta kai ruwa rana shi ne tire. Hadisin nan da ya ambaci mutum goma a kan giya, har da mai ɗaukarta da mai sayar da ita da mai zuba ta, kai ka fi ni sanin sa, kuma shi ne ya hana ni barci shekaru. Akwai waɗanda tun farko suka ƙi aikin otal gaba ɗaya, suka tafi tuƙin bas ko gadi ko kula da tsofaffi. Akwai waɗanda suke kicin, su ce wuƙa da tukunya kaɗai suka sani, ko da yake a girkin Faransawa ma ana zuba ta a miya, sai mutum ya yi ta kaucewa. Akwai kuma waɗanda suke ɗaukar tiren suna istigfari, kuɗin haya na jira, a gida kuma ana jiran abin da za a aiko. Ba ma kore su daga sahu, ba ma kuma ce musu daidai suke yi. Abin da muka fi yi shi ne, in aka ji gurbin aiki a wurin da babu kwalba, su ake fara kira. Ni haka aka yi mini, wani dattijo ɗan Gana, Bahaushen zango, shi ya haɗa ni da aikin da nake yi yanzu na kula da abincin makarantar yara. Albashin bai kai na da ba, kuma in ka tuna akwai shekarar da abin da nake aikowa ya ragu ban ce maka komai ba. Dalilin ke nan.

Shirun da aka ce mun yi, wani ɓangarensa gaskiya ne. A gida kana da unguwa, da dangi, da Hisba ma a wasu jihohin, duk suna taya ka riƙon yaro. A nan yaron da ya kai shekara 18 doka ta ba shi damar saye da kansa, kuma kantin da kake sayen madara shi ne yake da layin kwalabe a bayanka. In ka ɗaga murya sai ya daina zuwa gidanka, daga nan ka rasa shi gaba ɗaya. Don haka muna faɗa, amma a ɗaki, mutum biyu, da shayi a gaba. Wani ya ji, wani bai ji ba.

Takardar tawa tana nan a ƙasan akwati, ban taɓa rataye ta ba, ban kuma yage ta ba. Yarinyar za ta zauna jarrabawarta nan da wata biyu, ta roƙe ni in tambaye ka ko za a samu busasshiyar ɗinya da ɗan bagaruwa, tana so ta kai wa malamarsu ta shinshina. In mai zuwa ya samu, ka haɗa mini da goro fari, wanda ake sayarwa a unguwar Peckham ta nan Landan duk ya bushe. A gai da Hajiya.