Jagoran makaɗa: gidan rediyo daban, wurin biki daban

Tambaya: Mu bakwai ne muke kiɗan biki a Fagge, ni ne jagora. An gayyace mu gidan rediyo. Me zai canza?

Amsa: Malam, kusan komai. A wurin biki ƙafar masu rawa kake kallo. In fili ya yi zafi sai ka ja waƙa. A rediyo agogo ne ubangidanka. In an ba ku minti 15, ku shirya waƙoƙi 3 masu minti 4, ragowar na mai gabatarwa ne. Ku auna su da agogo tun wurin atisaye, ku tsayar da alamar hannu guda ta tsayawa, don makirufo na ɗaukar ko da raɗa.

Tsarin tsayuwa a ɗakin rediyo shi ne inda ake yawan faɗuwa. Mai ganga ya koma can baya, masu busa a tsakiya, mawaƙi kusa da makirufo kamar taƙi ɗaya. In ganga ta matso, za ta danne murya. Ku iso da wuri kuma ku sake ɗaure tsirkiyar jita a cikin ɗakin, domin sanyin na'urar sanyaya ɗaki na sauya sautin kayan da suka sha ranar Kano, fatar kalangu ma haka.

Kada ka raina wannan gayyata. Duke Ellington, jagoran makaɗa na Amurka, ya yi suna ne bayan 1927, da rediyo ta riƙa watsa kiɗansa daga gidan rawa na Cotton Club, ya kuma riƙe ƙungiyarsa har rasuwarsa a 1974. Ku yanke rabon kuɗi kafin ranar, a rubuce.