Ramin faranti da matsin ƙashi

Ɗana, jiya da za mu tashi ka tare ni da tambaya, ni kuma ina saurin sallar magariba, ban ba ka amsar kirki ba. Ka ce me ya sa ramukan farantin da ake ɗaure karaya da shi suke da tsawo kamar ƙwai, alhali zagayayyen rami ya fi sauƙin hudawa kuma sukuru zai zauna a cikinsa daram. Na ga har ka zana naka da zagayayyun ramuka. Zanen ya yi tsabta. Sai dai farantin da ka zana riƙe ƙashi kawai zai yi, ba zai matse bakin karayar ba.

Ɗauko faranti ɗaya daga akwatin gwaji ka sa farce a cikin ramin. Za ka ji gefe guda yana da gangara. Ka juya sukurun kuma, za ka ga ƙasan kansa a dunƙule yake kamar rabin ƙwallo. Likita yakan fara kafe farantin a ɓari ɗaya na ƙashin. A ɗaya ɓarin sai ya kauce wa tsakiyar ramin, ya huda ƙashi a gefen da ya fi nisa da karayar. Yana ɗaure sukurun, kan yana zamewa bisa gangarar nan yana nufar karaya, kuma da yake jikinsa na cikin ƙashi, sai ya jawo ƙashin su tafi tare. Tafiyar kamar milimita 1 ce kacal, amma ita ke haɗa baki da baki har su cije. Ƙungiyar likitocin karaya ta ƙasar Suwizalan mai suna AO ce ta fito da wannan faranti a 1969.

Kafin su akwai wani likita ɗan Beljiyam, Robert Danis, wanda ya yi faranti mai sukuru a gefe da ke tura ɓarin ƙashi zuwa ga ɗan'uwansa. A littafinsa na 1949 ya nuna cewa ƙashin da aka matse sosai yana haɗewa ba tare da ƙullutun nan da ke fitowa a wurin ɗori ba, har ya kamanta abin da walda. Maurice Müller, wani likita ɗan Suwizalan, ya je ya gani da idonsa, daga baya shi da abokansa suka kafa AO a 1958. Wanda ya ƙera musu sukurori da farantan farko, Robert Mathys, ba likita ba ne, mai aikin ƙarfe ne irinmu. Ina so ka riƙe wannan a ranka duk ranar da ka ji kamar aikin inji ƙasƙantacce ne a gaban aikin tiyata.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni wahalar ganewa lokacin ina kamarka. Na ɗauka in dai ɓari biyu sun kusanci juna, an gama. Ashe ƙaramin giɓi mai motsi ya fi babba haɗari. Stephan Perren, wanda ya daɗe yana bincike a garin Dabos na Suwizalan, shi ya warware wannan. Sabon naman da ke tsirowa a cikin giɓi yana da iyakar miƙewar da zai jure. Lissafa da kanka: giɓin milimita 1 in ya motsa da milimita 0.1, naman ya miƙe da kashi 10 cikin 100. Giɓin milimita 0.1 kuwa, in ya yi wannan motsin dai, ya miƙe da kashi 100 cikin 100, duk abin da ya tsiro sai ya tsinke. Ƙashi kuma ba ya ginuwa kai tsaye sai miƙewar ta gaza kashi 2. Ka ga farantinka mai zagayayyen rami zai bar siririn giɓi kamar gashi, majinyaci yana motsa hannu giɓin yana buɗewa yana rufewa, ƙashi ya ƙi kamawa, farantin ya ci gaba da ɗaukar nauyi shi kaɗai har wata rana ya gaji ya karye a daidai rami. Matsin amfaninsa ke nan, ya hana wannan ɗan motsin.

Kada kuma ka haɗa shi da ɗaurin da wasu masu ɗori ke yi da karare da tsumma. Wancan nama da jijiyoyin jini yake shaƙewa, shi ya sa ake rasa hannu ko ƙafa. Namu bakin ƙashi da bakin ƙashi ne, ƙashi kuwa yana jure matsi ƙwarai.

Akwai kuskuren da na taɓa yi, gara ka ji shi daga bakina. Na sayo sangalin saniya wajen mahauta, na yanka shi biyu da zarto, na ɗora miƙaƙƙen faranti na ɗaure. Ta saman da farantin yake bakin ya cije tsaf, ina ta murna. Da maigidana ya juya ƙashin sai ya zura takarda ta ƙasa, ta shige. Faranti gefe ɗaya yake ja, don haka ɗaya gefen yakan wage. Maganinsa a ɗan lanƙwasa farantin a tsakiya kafin a ɗora, ya ɗaga kaɗan daga ƙashin a kan karayar. Sukurori na miƙar da shi, can gefen na rufewa. Saboda haka in kana zaɓar kauri da irin ƙarfe, ka tuna likita zai lanƙwasa shi da hannunsa a ɗakin tiyata, kada ya tsage, kada kuma ya yi laushi.

In karayar a karkace take, sukuru ɗaya ma yana matsewa. Ga sukurun milimita 3.5, ana huda bangon ƙashi na kusa da 3.5 don ya wuce salin-alin, na nesa kuma da 2.5 don zaren jikin sukurun ya kama. Kai na dannawa, zare na jawowa. Timothy Herbert a Ostareliya ya yi wani marar kai saboda ɗan ƙashin wuyan hannu, zaren gabansa ya fi na bayansa faɗin taku, wannan bambancin ne ke jan ɓarin biyu.

Abin da ke damun masu zane har gobe shi ne matsin ba ya tabbata. Ƙashi abu ne mai rai, yana cinye kansa yana sake gini, in bakin karaya ya ɗan zaizaye sai sukuru ya saki. Dabaru biyu na fi girmamawa. A karayar ƙugu ta tsofaffi, babban sukurun yana zamewa cikin bututun farantin, duk takun da majinyaci ya yi nauyinsa ne ke ƙara matse karayar. Ɗayar kuma ƙarfen naitinol ce, gaurayen nikel da taitaniyom da aka gano a ɗakin binciken sojan ruwan Amurka. Ana ƙera maƙala mai ƙafa biyu da shi, a buɗe ƙafafun a sa a ƙashi, ita kuma tana ta neman komawa siffarta ta asali, ko bakin ya zaizaye tana bin sa. An fi sa ta a ƙananan ƙasusuwan ƙafa da hannu.

Zagayayyen raminka ma yana da ranarsa. In ƙashi ya farfashe gutsi-gutsi, matse shi gajarta ƙafar mutum ne. Nan faranti gada yake zama, a tsallake wurin, a bar ƙullutu ya yi aikinsa, kuma ramuka masu zare da ke kulle kan sukuru sun fi dacewa.

Gobe ka biya kasuwa ka sayo sangali biyu. Ɗaya ka sa masa miƙaƙƙen faranti, ɗaya lanƙwasasshe, ni zan zo da takardar.